Kafin Ka Haɗa RAM Iri Biyu a Kwamfutarka

Idan kwamfutar tebur ta fara jan ƙafa, shawarar farko da ake ba mai ita ita ce a ƙara mata RAM. Shawarar tana kan hanya, domin a RAM kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai, kuma idan wurin ya yi kaɗan sai ta riƙa komawa faifan ajiya, wanda bai kai ta sauri ba. Daga nan sai tambayar da masu gyara suka saba ji ta biyo baya: "Maigida, ta ciki giga 4 ce ta Samsung, wannan kuma giga 8 ce ta Kingston, za su zauna tare?" Galibi suna zama, amma da sharuɗɗa, kuma sunan kamfani shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Sharaɗin da ba a ɗaga ƙafa a kansa shi ne zamani. DDR3 ta fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ta shiga kasuwa a 2021, kuma ba a cakuɗa su. Ta DDR3 tana da haƙora 240, ta DDR4 da ta DDR5 kowace 288, amma tsagar da ke tsakiyar haƙoran ba a wuri ɗaya take ba. An yi hakan da gangan don kada wata ta shiga ramin wata. Idan ka ga RAM ta ƙi zama, kada ka danna da ƙarfi, sai ka karya ramin madabod, wato babban allon da ake dasa kayan cikin kwamfuta a kansa. Ta laftof ma daban take, gajera ce, ba ta shiga kwamfutar tebur.

Takardar da ke manne a jikin RAM tana faɗin kusan komai. Idan ka ga PC3-12800U, DDR3 ce mai gudun 1600, harafin U kuma na nufin ta kwamfutar gida da ofis ce. Idan R ka gani a wurin, ta manyan kwamfutocin saba (server) ce. Irin wannan tana yawo a cikin kayan hannu da araha, tana shiga rami daidai, amma kwamfutar tebur ta yau da kullum ba za ta tashi da ita ba. Akwai kuma PC3L, mai aiki da wuta bolt 1.35, alhali PC3 na son 1.5. Yawanci PC3L kan zauna a wurin PC3, amma na'urar da aka ƙera don PC3L tana iya ƙin karɓar PC3.

Sai maganar gudu. Kowace RAM tana ɗauke da wani ɗan guntu da ake kira SPD, inda aka rubuta iya gudunta. Da an kunna kwamfuta, madabod zai karanta na kowacce ya zaɓi gudun da dukkansu za su iya. Kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, tafiyar mai rauni ake yi. Wanda ya sayo DDR4 mai 3200 ya haɗa da mai 2400, duka biyun a 2400 za su tafi, ƙarin kuɗin da ya biya don sauri ya tafi a banza. Haka lambar CL take, wadda ke nuna jinkirin amsawa, mafi jinkiri ake bi. Inda rigima ta fi tashi shi ne idan aka kunna XMP na Intel ko EXPO na AMD, tsarin da ke tura RAM sama da gudunta na asali. RAM biyu da ba tare aka gwada su ba sukan kasa jure hakan, maganin kuwa shi ne a kashe shi a BIOS, wato wurin saitin madabod.

Girma ma yana da tasa. Yawancin kwamfutocin tebur suna da hanyoyi biyu tsakanin firosesa da RAM, kuma idan aka sa biyu masu girma ɗaya sai a yi amfani da hanyoyin a lokaci guda. A madabod mai rami huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga firosesa ake fara cikawa. Idan aka haɗa giga 4 da 8, na'urorin Intel sukan tafiyar da giga 8 ta hanya biyu, ragowar 4 ta hanya ɗaya. An ɗan rage sauri, amma giga 12 ta fi giga 4 nesa ba kusa ba.

Batun kamfani kuwa, Samsung da SK Hynix da Micron ne ke ƙera mafi yawan guntayen da ke jikin RAM, irin su Kingston da Corsair saya suke su haɗa. Shi ya sa RAM biyu masu suna ɗaya da aka saya a lokuta daban za su iya bambanta a ciki, masu suna daban kuma su dace.

Kafin ka je kasuwa, duba abin da kake da shi da manhajar CPU-Z, ko ka ɗauki hoton takardar. Bincika iyakar da madabod ɗinka ke ɗauka, ka kuma tuna Windows mai bit 32 ba ta amfani da abin da ya wuce kimanin giga 4. Ku yi yarjejeniya da mai shago cewa idan ba ta yi ba za ka dawo da ita. Wajen sawa, zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka riƙe RAM, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar da kan lalata kayan lantarki. Danna ta har maƙallan gefe su ce ƙas.

Tashin kwamfuta ba shaida ce cewa komai ya zauna ba. Gwada da MemTest86 na wasu awoyi. Idan allo ya riƙa yin shuɗi ko kwamfutar tana mutuwa da kanta, gwada kowace RAM ita kaɗai don gane mai laifi.

Mai shagon buga takardu, ɗalibi da ma'aikacin ofis ba su da dalilin jefar da tsohuwar RAM, su nemo wadda ta dace da ita su ƙara. Mai tace bidiyo ko mai buga wasannin kwamfuta masu nauyi kuwa, gara ya sayar da tsohuwar ya sayi biyu da aka haɗo a kwali ɗaya.