Kafin ka sayi kwikwiyon gadin gona

Mai shirin buɗe gidan kaji a Kamazou ko Gonin Gora, kar kyan karen Labrador ya ruɗe ka. Mafarautan Ingila sun raine shi ne don ɗauko tsuntsun da aka harbo, ko a ruwa ya faɗa. Haƙurinsa ya sa ake horar da shi yi wa makafi jagora, amma fa ɓarawo ma wutsiya zai kaɗa masa. Ga bin kaji, ga tsunduma cikin kududdufin tarwaɗa.

In gadi kake so, karen gida ya ishe ka. Nemi kwikwiyo ɗan sati 8, ka tafa hannu: wanda ya taho dubawa shi za ka ɗauka, bar mai ɓuya. Saba masa da kaji tun yana ƙarami, a wata 3 kuma likitan dabbobi ya yi masa allurar haukan kare.