Dalilan da ke Sa Tsohon Keken Ɗinki Ya Riƙa Jan Yadi a Karkace

Duk wanda ya ratsa shagunan teloli a birnin Daura, ko a Mai'aduwa da Zango da Baure, a makonnin da ke gabanin Sallah, zai tarar cewa har yanzu tsofaffin kekunan ƙafa irin su Singer da Butterfly suna cikin aiki. To amma sau da yawa tela kan haɗa ƙyalle biyu masu tsawo ɗaya, ya kai ƙarshen ɗinki ya ga na sama ya zarce na ƙasa, ko yadin ya karkace gefe guda. A shadda mai tsada wannan asara ce, domin sawun allura ba ya ɓacewa bayan an farke ɗinki.

Yadda keke ke jan yadi

Allura ba ta tura yadi. Wannan aikin haƙoran da ke ƙarƙashin farantin allura ne, waɗanda ke yin motsi huɗu a kowane ɗinki: su taso su kama yadi, su tura shi baya, su nutse, sannan su dawo gaba. Wani Ba'amurke mai suna Allen B. Wilson ne ya sami rajistar wannan dabara a 1854, kuma a kanta aka gina yawancin kekunan gida har yau. Haƙoran ba za su iya kama komai ba sai takalmin keke, wato ƙarfen da ke danne yadi daga sama, ya matse shi a kansu.

A nan ne tushen matsalar yake. Ƙyallen ƙasa kaɗai haƙora ke taɓawa. Na sama yana tafiya ne saboda gogayyar da ke tsakaninsa da na ƙasa, alhali takalmi yana riƙe shi. Idan yadin mai santsi ne, kamar shaddar da ta sha bugu, sai na ƙasa ya sulale ya bar na sama a baya, ragowar ta taru a ƙarshen ɗinki.

Matakan gano cuta

Da farko a zare zare, a sa farar takarda a ƙarƙashin takalmi, a taka keken ba tare da an riƙe ta ba. Idan hujojin sun fito a miƙe da tazara iri ɗaya, to haƙora lafiya lau suke, sai a koma kan yadi da hannun tela. Idan kuwa sun karkace ko sun cushe wuri ɗaya, sai a bi waɗannan matakai bi da bi.

Na ɗaya, a kwance farantin allura a share tsakanin haƙora. Ƙurar hunturu da burbushin auduga kan haɗu da mai su daskare a wurin, har su hana haƙora tasowa sosai. Ɗan kananzir na narkar da wannan dauɗa, daga nan a ɗiga man keke. Man gyaɗa ko manja ba su dace ba, domin sukan yi danƙo idan sun daɗe.

Na biyu, a juya keken da hannu har haƙora su kai ƙololuwa. Ya kamata su ɗara faranti da kimanin milimita 1. In sun gaza haka yadi zai riƙa zamewa, in sun wuce za su ja shi gaba da baya. Haƙoran da suka dakushe a gefe guda su ne ke sa yadi ya karkata, kuma maganinsu canji ne.

Na uku, a duba sukurun da ke saman kan keke, wanda ke matse sifirin ɗin takalmi. Ana ƙara matsi ga yadi mai kauri, a sassauta ga mai laushi. A kuma tabbata takalmin ya zauna daidai a kan haƙora, bai lanƙwashe ba, ƙasansa kuma bai yi kaushi ba.

Na huɗu, a lura da sandar da ke daidaita tsawon ɗinki, domin idan ta yi sako-sako takan gusa da kanta saboda girgiza.

Kammalawa

Babban kuskuren da ɗan koyo ke yi shi ne ya riƙa jan yadi ta baya don ya taimaki keke. Yin haka na lanƙwasa allura, ta bugi faranti ta yi masa zazzaɓe, wanda shi kuma zai riƙa kama yadi. Aikin hannu shi ne saita hanya kawai. Kamfanin Singer ya rufe babbar masana'antarsa ta Clydebank a Sukotland tun 1980, amma kekunan da ta ƙera suna iya ci gaba da ɗinki mai kyau muddin tela ya riƙa share haƙoransu, yana kuma gwada ɗinki a kan ƙyallen banza kafin ya ɗora kayan mutane.