Kafin Ki Hau Motar Hamada

'Yan'uwana mata, a makon jiya wata maƙwabciyata a nan Koki ta shigo wurina bayan la'asar, ta ce in taya ta lissafi tun da ni malama ce. Keken ɗinkinta za ta sayar da kwanukan jerenta, ta haɗa kuɗin mota zuwa Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, inda aka gaya mata ana samun aikatau mai tsoka. Da yaranta biyu za ta, ƙaramin ma bai daɗe da yaye ba. Na yi mata lissafin, ya fita daidai. Hanyar ce kaɗai ba ta sa a ciki ba.

Mu mutanen birni hamada ba baƙuwarmu ba ce, domin tun zamanin kakanni raƙuma ke sauke gishirin Bilma da dabino a Kasuwar Kurmi. Amma ki tuna ayari da madugu yake tafiya, wanda ya san kowace rijiya, raƙumi kuwa yakan yi kwanaki bai sha ruwa ba. Mota ba ta da wannan haƙuri.

Daga Kano ta Daura da Kwangwalam zuwa Damagaram tafiya ce irin wadda kika saba. Daga can sai Tanut, sai Agadas, sai Arlit garin haƙar yuraniyam, mai nisan kilomita kamar 240 daga Agadas. To, daga nan labari yake canzawa, gama direban da ya ɗauko mutane marasa takarda ba ya bin babbar hanya. Yakan ratse cikin rairayi don ya kauce wa shingen jami'ai, watau ya kauce wa rijiyoyi da sauran matafiya ke nan.

Tuƙi a rairayi sana'a ce dabam. Sai an rage iskar taya don ta baje, kada ta nutse. In ta kafe, kowa ya sauko, a tona da shebur, a shimfiɗa faranten ƙarfe a ƙarƙashin taya, a tura, wani lokaci bayan 'yan taku kaɗan a sake. Inji yana wahala, mai yana ƙonewa fiye da yadda aka tsara. Guguwa ɗaya takan share sawun motocin da ake bi, direba ya yi ta zagaye har tanki ya bushe. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne, idan lagireto ya fara yoyo, ruwan shan fasinja ake ɗura masa. Ke da kike goyo kina shayarwa, ke ƙishirwa za ta fara kayarwa.

A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit suka nufi Aljeriya, duka biyun suka lalace a hanya. Da aka bi sawu, gawa 92 aka tsinta: yara 52, mata 33, maza 7. An same su warwatse ƙungiya-ƙungiya, wasu uwa ce da 'ya'yanta a wuri ɗaya. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne, nan bayan Daura, masu Hausa irin tamu. Gwamnatin Nijar ta yi makokin kwana uku.

Ba talaka kaɗai hamada ke ɓatarwa ba. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓace kwana shida a tseren motoci na Faris zuwa Dakar, sai da jirgin saman sojan Aljeriya ya gano shi. Shi ke nan ɗan gata. Ke wa zai tayar wa jirgi?

Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi suka ƙara nutsawa cikin hanyoyin da ba kowa. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma wanda ya isa Aljeriya ba takarda har yanzu yana cikin haɗarin kamu. Waɗanda aka koro akan sauke su a bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 a ƙasa kafin su kai Assamaka.

In tafiyar ta zama dole, ki nemi takardunki, ki bi babbar hanya, kada kuma ki yarda da motar da za ta shiga rairayi ita kaɗai. Ki ga jarkokin ruwa da idonki kafin ki biya. Mota in ta mutu, zama a inuwarta ya fi bazama da rana, domin mai nema mota yake fara hangowa. Yara dai, don Allah, a bar su gida.

Duk na gaya wa maƙwabciyata wannan. Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, to a nan ɗin me zan ba su su ci?" Na ce, "Yaya, ba ni mako guda." Na yi magana da iyayen 'yan ajinmu, an haɗa mata ɗinkin kayan makaranta na yara goma sha ɗaya. Jiya da dare ina jin ƙarar keken ta katanga.