Karatun jami'a daga nesa da ƙwallon ɗalibbai a lokacin annobar korona: misalin Amurka da na jahar Tawa

Taƙaitawa

Wannan rubutu yana duba abin da ya sami wasan ƙwallon ɗalibbai a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe zaurukan darasi. Mun ɗauki misali biyu: jami'o'in Amurka, inda ɗalibbai suka watse amma wasa ya ci gaba, da jahar Tawa, inda muka dubi lamarin ta wajen ɗalibin da ya koma gida Buza. Abin da muke son nunawa shi ne, makomar wasan ta dogara ga wanda ya mallake shi.

1. Gabatarwa

Idan ana maganar karatu daga nesa, galibi darasi kaɗai ake dubawa: ko ya kai ga ɗalibi, ko ɗalibin ya gane shi. Amma jami'a ta ƙunshi wasu abubuwa ban da darasi. Akwai ɗakin kwana, da gidan cin abinci, da ɗakin karatu, da filin wasa. Darasi yana iya bin waya ya iske mutum a garinsu, sauran kuwa sai mutum ya zo da ƙafarsa. Saboda haka muka zaɓi filin ƙwallo ya zama ma'auni, don shi ne wurin da aka fi ganin zaman tare na ɗalibbai da ido.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Nijar. Tun shekarar 1964 aka fara gwajin koyar da yaran firamare ta talabijin, kuma wannan gwaji ya yi suna har a ƙasashen waje. Sai dai a wancan tsari yara suna haɗuwa a aji guda, gaban akwati guda, tare da mai kula da su. Malami ne ke nesa. A 2020 kuwa ɗalibban ne da kansu suka yi nesa da juna.

2. Misalin Amurka

2.1. Wane irin wasa ne

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon jami'a ya bambanta da namu. Ƙwallon dogo ne mai kama da ƙwai, ana ɗaukarsa da hannu, kowane ɓangare yana da ƴan wasa 11. Ƙungiyar NCAA ce ke tsara wasannin jami'o'i, su kuma jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni. Filin wasa na jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. A shekarar 2019, tsofaffin jami'o'in rukunin Big Ten sun sami fiye da dala miliyan 50 kowace, mafi yawa daga gidajen talabijin. Da kuɗin ƙwallon ne ake ɗaukar nauyin wasanni da yawa waɗanda ba su kawo riba. A lokacin, ba a biyan ƴan wasa albashi, bisa hujjar cewa su ɗalibbai ne kamar kowa.

2.2. Abin da ya faru

A watan Maris na 2020 jami'o'in Amurka suka maida darussa kan intanet. Da kakar ƙwallo ta gabato sai ra'ayi ya rabu. Ranar 8 ga Yuli, rukunin Ivy League, wanda ya ƙunshi Harvard da Yale, ya ce ba zai yi wasa ba a wannan kaka. Ranar 11 ga Agusta, Big Ten da Pac-12 suka ɗage tasu. Rukunan SEC da ACC da Big 12 suka ce su za su yi. Ranar 16 ga Satumba sai Big Ten ya sake shawara, ya koma fili a ƙarshen Oktoba. An soke ko an ɗage wasa fiye da 100 saboda cutar, amma an kai ƙarshen kaka: ranar 11 ga Janairu na 2021 jami'ar Alabama ta ci kofi.

Misalin da ya fi bayyana matsalar shi ne na jami'ar Karolina ta Arewa a Chapel Hill. An fara darasi a aji ranar 10 ga Agusta. Bayan mako guda cutar ta bazu a gidajen kwanan ɗalibbai, aka maida darussa kan intanet, ɗalibbai da yawa suka koma gida. Ƴan ƙwallo kuwa suka zauna, suka buga wasansu na farko ranar 12 ga Satumba, ba ƴan kallo a fili.

2.3. Ma'anar wannan

A nan tambaya ta fito fili. In zama a jami'a haɗari ne ga ɗalibi, me ya sa ɗan ƙwallo ya zauna? In kuwa ya zauna ne don kwangilar talabijin, ashe matsayinsa ya fi kusa da na ma'aikaci. An daɗe ana wannan gardama kafin annoba, amma annobar ta raunana hujjar jami'o'i. A watan Yuni na 2021 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Alston, ta yanke hukunci a kan NCAA da bakin alƙalai 9 duka, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka yarda ƴan wasa su sami kuɗi da sunansu da hotonsu.

3. Misalin jahar Tawa

3.1. Rufe makarantu

Ranar 17 ga Maris na 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya bayyana matakan kariya, ciki har da hana taron da ya wuce mutum 50 da rufe makarantu da jami'o'i daga 20 ga wata. Ranar 19 ga Maris aka sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Yamai. Gwamnati ta tsaida 1 ga Yuni don sake buɗe makarantu, kwana 73 ke nan a rufe. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ta soke gasar 2019-2020.

3.2. Ɗalibin da ya koma Buza

Gundumomin Buza da Madawa da Keita sun haura mutum miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, amma ba jami'a ko ɗaya a cikinsu. Wanda ya ci jarrabawar bakaloreya sai ya tafi Tawa, inda aka kafa jami'a a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, ko Yamai, jami'ar Abdu Mumuni, ko Maraɗi, ko Damagaram. Ga irin wannan ɗalibi, jami'a ita ce wurin da yake samun wutar lantarki, da abinci mai rahusa, da littattafai, da abokan bita.

Da aka rufe, darasin da ya ci gaba ya bi ne ta ƙoƙarin malamai ɗaiɗai, galibi ta tura takardu da saƙon murya a WhatsApp. Kafin takarda ta kai ga ɗalibi a karkarar Buza sai an cika sharaɗi huɗu: waya mai buɗe takardar, caji, kuɗin sayen haɗin intanet, da wurin da layi ke kamawa. A 2020, mutanen Nijar masu wutar lantarki ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma mafi yawansu a birane suke. Ga shi rufewar ta faɗo cikin bazara, lokacin ciran albasa a fadamu da sharar gona, azumi kuma ya kama a ƙarshen Afrilu. Saurayin da ya dawo gida da ƙarfinsa, ba za a bar shi zaune da waya a hannu ba.

3.3. Filin ƙwallo

Ƙwallon ƙafar ɗalibbai a jami'o'inmu ba shi da kwangilar talabijin, ba kuɗin shiga na kirki. Wasa ne tsakanin tsangaya da tsangaya, ko aji da aji, wanda ɗalibbai ke shiryawa ta ƙungiyoyinsu, da taimakon hukumar kula da jin daɗin ɗalibbai (œuvres universitaires). Masu wasa ɗalibbai ne, masu kallo ɗalibbai ne. Ranar da suka hau mota zuwa gida, ranar wasa ya tsaya, kuma ba wanda ya yi asarar dala ɗaya balle ya nemi a dawo da shi da gaggawa.

Asarar tana wani wuri. A ƙungiyar tsangaya ne ɗan Buza ke sa riga iri ɗaya da ɗan Agadas da ɗan Doso. A bakin fili ne sabon shiga ke sanin na gaba da shi, wanda zai ara masa takardun bara, ya gaya masa halin kowane darasi. Ƙwallon da ake yi a gida, kamar gasar babban hutu, yana haɗa mutum da ƴan garinsu, waɗanda ya riga ya sani. Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan shekarar farko daga karkara, don shi ne bai gama ƙulla wannan zumunci ba, kuma ta wannan zumuncin ne ake saka mutum a rukunin WhatsApp inda darasi ke wucewa.

4. Kammalawa

A Amurka wasa ya rayu ba tare da ɗalibbai ba, abin da ya nuna cewa ya daɗe da zama sana'a. A Nijar ya tsaya da tafiyarsu, abin da ya nuna cewa nasu ne. Daga wannan muna ba da shawara uku ga sassan jami'a.

Ta farko, duk darasin da za a tura daga nesa a shirya shi yadda ƙaramar waya za ta buɗe shi, a kuma adana shi don wanda layi bai kama masa ba sai bayan kwanaki.

Ta biyu, a yi tunanin wurin haɗuwa a manyan garuruwan gunduma kamar Buza da Madawa da Keita, mai wutar hasken rana, inda ɗalibban yanki za su karɓi darasi rukuni-rukuni idan dokar lafiya ta yarda, kamar yadda ajin talabijin ya yi a 1964.

Ta uku, idan ana tsara biyan bashin darussa bayan rufewa, a bar wa filin wasa lokacinsa a cikin jadawali. Sau da yawa shi ake fara yankewa, alhali a can ne ajin da ya watse ke sake haɗuwa.