Funfuna a Kayan Wasanni: Dalilinta da Yadda Ake Fitar da Ita

Gabatarwa

A daminar bara ni ne nake ajiye wa ƙungiyar ƙwallon unguwarmu riguna a Tudun Wadan Gombe. Wata rana ruwa ya kore mu daga fili, na cusa su cikin jakar leda da danshinsu, na shagala da karatun jarrabawa. Da na buɗe jakar bayan mako guda, sai wari ya doke ni, ga ɗigo-ɗigon baƙi ya mamaye su. Riguna ne da muka saya da kuɗin karo-karo, saboda haka dole na nemi mafita. Abin da na koya shi ne nake son in bai wa mai karatu.

Mece ce funfuna?

Funfuna, wadda ake kira hunhuna a karin harshen yamma, halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska kullum, ido ba ya ganinsu. Abu uku take nema: danshi da ɗumi da abinci. In ta same su, cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ta iya fara tsirowa. A Gombe ta fi yawa a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, shanya ba ta bushewa da wuri.

Yawancin rigunan ƙwallo da zaren roba ake yin su, wato foliyesta. Funfuna ba ta cin wannan zare, gumi da maiƙon jiki da ƙasar da suka maƙale masa take ci. Auduga kuwa, zarenta take ci, har tufa ta ruɓe. Ko 'yan wasan Gombe United ne a filin Pantami, ko mu na unguwa, gumin ɗaya ne. Ban da ɓata tufa, tana tayar wa wasu da atishawa da ƙaiƙayi, musamman masu ciwon asma.

Yadda ake fitar da ita

Da farko a fitar da rigar waje, a shanya ta bushe, sannan a karkaɗe ta da tsohon buroshin haƙori. Kada a yi wannan a cikin ɗaki, kuma a rufe hanci.

Na biyu, a zuba kofi ɗaya na farin ruwan khal a rabin bokitin ruwa, a jiƙa rigar kamar awa ɗaya. Tsaminsa yana kashe yawancin funfuna, yana rage wari. In farar riga ce, ana iya matsa lemon tsami a kan tabon, a barbaɗa gishiri, a ajiye a rana.

Na uku, a juya rigar ciki waje, a wanke da garin sabulu da ruwa mai ɗumi. Tafasasshen ruwa yana ɓamɓare lamba da sunan da aka manna a baya. A ɗauraye sosai, a shanya a rana har ta bushe ƙayau. In tabo ya rage, a sake. Nawa sai da na yi sau uku, kuma biyu daga cikin rigunan ba su koma yadda suke ba.

Gargaɗi

Da yawa mukan ruga ga bilic, irin su Hypo da Jik. Bilic yana cinye launi, yana kuma kashe robar wando da safa. Mafi muni, kada a kuskura a haɗa shi da khal ko lemon tsami, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba, wadda take ƙona ido da huhu.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tabon da ya daɗe yakan shiga zare ya ƙi fita, don haka aikin yana ga ranar wasa. Da an dawo daga fili a fitar da kaya daga jaka. In ba halin wanki, a rataye su inda iska ke kaɗawa, a buɗe bakin takalmi, a cusa masa tsohuwar jarida ta tsotse danshi. Ita ma jakar a riƙa shanya ta. Tun da na kama wannan hanya, har yau rigunan suna hannuna, ba a ƙwace mini aikin ba.