Shirya tsohuwar mota domin tsere

Shirya tsohuwar mota domin tsere shi ne jerin gyare-gyare da sauye-sauyen da ake yi wa motar da aka ƙera don hawan titi, domin ta iya jure gudu mai tsanani, da taka birki akai-akai, da shan kwana da ƙarfi a filin da aka keɓe. A arewacin Najeriya, ciki har da Zariya, motocin da aka fi yi wa wannan aiki tsofaffin ƙirar BMW da Mercedes-Benz ne, waɗanda suka shigo ƙasar bayan an gama morarsu a Turai. Mutane da yawa sun ɗauka ƙara wa inji ƙarfi shi ne shirin, alhali kuwa shi ne aikin ƙarshe. Birki, da hanyar sanyaya inji, da taya, da kariyar direba su ake fara dubawa, domin su ne zafi da shekaru suka fi cinyewa.

Tarihi

Tseren mota ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda ta tashi daga Faransa ranar 26 ga Disamba 1978, ta ratsa ta Agadez da Yamai kafin ta shiga Mali. Kafin nan, a shekarar 1975, mota ƙirar Peugeot 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya, da ta Maroko, da ta Bandama a Kwaddibuwa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, kimanin kilomita 80 daga Zariya. Ita 504 ba motar wasa ba ce, motar iyali da 'yan haya ce. Abin da ya ba ta nasara shi ne juriyar ƙafafunta a kan hanyar burji, ba gudu ba. A cikin gida Najeriya, an daɗe ana haɗa bikin kamun kifi na Argungu da gasar motoci.

Salon da ya fi jan hankalin matasan arewa a yanzu shi ne wasan sulɓi, wanda suke kira dirif: direba ya sa tayoyin baya su kuɓuce da gangan, motar ta tafi a karkace, shi kuma yana riƙe da ita da sitiyari da totur. Salon ya samo asali ne daga Japan a shekarun 1970, Keiichi Tsuchiya ya yaɗa shi a shekarun 1980, fim ɗin The Fast and the Furious: Tokyo Drift na 2006 kuma ya kai shi kusan kowane gidan kallo.

Motocin da ake zaɓa

Sharuɗɗa uku ake nema: motar ta kasance mai ja da tayoyin baya, mai giyar hannu, kuma wadda kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Wannan ya sa BMW jerin 3 ta mamaye fagen, wato E30 da aka ƙera daga 1982 zuwa 1994, da E36 daga 1990 zuwa 2000, da E46 da ta biyo bayansu. Akwai kuma Mercedes-Benz 190, daga 1982 zuwa 1993. Dukansu suna da tarihi a filin tsere. Da 190E 2.3-16 ne Ayrton Senna ya ci gasar buɗe sabon filin Nürburgring na Jamus a 1984, kafin duniya ta san shi sosai, ita kuma E30 M3 ta fito a 1986 musamman don BMW ta samu damar shiga gasar motocin titi. Sai dai waɗanda ake gani a garejojin Sabon Gari da Jushi da Samaru ba waɗannan na musamman ba ne, 'yan uwansu ne na yau da kullum, irin su 318i da 325i, waɗanda suka sha hannu.

Kayan gyara galibi na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyom, daga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Ga ƙofa ko bonet ko giyabos, kayan hannu ba laifi. Ga robar birki da bel da taya kuwa, tsohon kaya a kan tsohuwar mota maimaita matsalar ne kawai.

Binciken farko

Kafin a sayi wani abu, ana ɗaga motar a duba ƙasanta. Motocin da suka zauna a Turai sukan zo da tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara. An san E46 da tsagewar bodi a inda aksil ɗin baya ya kama, ita kuma E36 a inda shokozoba na baya ke zama. Ana ƙarfafa wuraren da farantin ƙarfe a yi walda. Injin M20 na E30 yana amfani da taimin bel na roba, kuma idan ya tsinke fistin zai doki bawul, injin ya lalace nan take. Don haka idan ba a san ranar da aka sauya shi ba, sauyawa ake yi.

Birki

A nan ne lissafi ya fi nuna bambancin titi da fili. Birki ba ya ɓatar da ƙarfin gudu, mayar da shi zafi yake yi, kuma wannan ƙarfi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,200, idan tana gudun kilomita 150 a awa, tana ɗauke da ƙarfin da ya ɗan haura jul miliyan ɗaya. Idan tana gudun 75, kashi ɗaya cikin huɗu kawai take ɗauke da shi. Direban titi yakan taka birki mai ƙarfi sau ɗaya, birkin ya huce. Direban fili yakan maimaita haka sau da yawa a kowane zagaye, ba tare da faifan birkin ya samu lokacin hucewa ba.

Birki yana gazawa ta hanya biyu, kuma ƙafar direba tana iya bambance su. Idan fatar birki ce ta yi zafi fiye da kima, feda takan kasance da tauri amma motar ba ta tsayawa yadda ya kamata. Idan man birki ne ya tafasa, feda takan yi laushi ta tafi har ƙasa, domin tururi yana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Na biyun ya fi haɗari, kuma shi ya fi yawa a tsofaffin motoci, saboda man birki yana tsotse laimar iska a hankali. Bisa ƙa'ida, sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuma 260. Bayan sun sha laima, waɗannan lambobi kan sauka zuwa 140 da 155 da 180. Motar da ta yi damina biyar ana ƙara mata mai ba a taɓa zubar da tsohon ba tana kusa da lambobin ƙasa. Gyaran ba shi da tsada: a zubar da man gaba ɗaya, a sa sabo, a fitar da iska, a sauya robobin da mai ke bi, a sa fatar birki mai jure zafi. DOT 5, duk da kamancen suna, na silikon ne kuma ba a gauraya shi da sauran.

Sanyaya inji

Zariya tana da zafi mai tsanani a watannin Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙura tana toshe ramukan lagireto da matatar iska, zafi kuma yana rage tazarar da ke tsakanin injin da ke aiki lafiya da wanda ya tafasa. A wasan sulɓi abin ya fi muni, domin inji yana ihu amma motar ba ta tafiya gaba sosai, iskar da ke shiga lagireto kaɗan ce.

A E36 da E46, sassa da yawa na hanyar ruwa na roba ne mai tauri: wuyan lagireto, da tankin ruwa, da gidan tamostat, a wasu ma har farfelar famfon ruwa. Robar takan bushe da shekaru ta fashe ba zato, shi ya sa masu shirya mota ke sauya su duka a lokaci ɗaya. Wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojin Najeriya ita ce cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, da zaton mota za ta fi sanyi. Wannan ɓoye ciwo ne: injin yakan daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, ya ƙara shan mai, ainihin matsalar kuma, ko toshewar lagireto ce ko mataccen famfo, tana nan tana jiran ranar gudu. Murfin lagireto ma ba abin raini ba ne. Matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Murfin da ke riƙe bar ɗaya yana ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 120.

Akwai kuma matsalar baƙin mai. A doguwar kwana mai yakan taru a gefe ɗaya na kaskon inji, famfo ya zuƙi iska, ƙarfe ya goga ƙarfe. Ana magance wannan da yi wa kaskon shinge a ciki.

Taya da ƙafafu

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare. Taya na iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta bushe. Iskar taya tana ƙaruwa idan ta yi zafi, don haka ana auna ta ne da zarar an fito daga fili, a rage. Sauran aikin ƙafafu shi ne sauya bushin da boljoyin da tayirod, sannan a yi alayimen. Yanke sifirin don mota ta yi ƙasa kwalliya ce, kuma takan ɓata riƙon hanya.

Masu wasan sulɓi sukan yi wa giyoyin cikin aksil ɗin baya walda domin tayoyin biyu su juya tare. Dabarar tana da arha kuma tana aiki a fili, amma a kan titi, musamman da ruwan sama, bayan motar yakan kuɓuce ba tare da direba ya nema ba.

Kariyar direba

Hular kwano, da kujera mai riƙe jiki, da bel mai madauri biyar ko shida, da kejin ƙarfe abu ɗaya ne, ba a ɗaukar wani a bar wani. Bel ɗin tsere yana riƙe direba a miƙe, saboda haka idan mota ta kife babu keji, rufin kansa zai samu. Keji kuma babu hular kwano ƙarfe ne a kusa da kai, wanda ƙaramin karo ma kan iya mayar da shi makami. Madaurin kafaɗa ana ɗaure shi ne a bayan kafaɗa kusan daidai da tsayinta. Idan aka kai shi ƙasan mota, lokacin karo yakan danne ƙashin baya.

Dokar Hukumar Wasannin Mota ta Duniya, FIA, ta tanadi a yi keji da bututun ƙarfe marar ɗinki, babban bakan ya kasance aƙalla milimita 45 a faɗi da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2. Bututun famfo da ake samu a kasuwa yana da ɗinki kuma bai cika wannan sharaɗi ba, ko da mai walda ya ƙware. Akwai kuma abin riƙe wuya mai suna HANS, wanda ya yaɗu bayan rasuwar direban Amurka Dale Earnhardt a gasar Daytona 500 ta 2001, aka kuma wajabta shi a Formula 1 daga 2003. Ana ƙara tukunyar kashe gobara a inda hannun direba zai kai, a ɗaure batir da ƙarfe, a sauya tsofaffin robobin fetur.

Ƙarin ƙarfi

Sai bayan duk wannan ake taɓa inji. Injin 325i na E30 yana ba da ƙarfin doki kusan 170, wanda ya ishi mai koyo. Cire kujerun baya da kafet da sauran kayan da ba a bukata ya fi sa tabo amfani, domin rage nauyi yana taimakon gudu da birki da kwana a lokaci guda, tabo kuwa zafi yake ƙarawa. Huda salansa ƙara kawai yake kawowa.

Fili da doka

Zariya tana da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a kan hanyar Basawa, da sashen injiniyan injuna a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da makanikai masu yawa, amma ba ta da filin tseren mota da aka gina domin haka. Filin da aka sani a Najeriya yana Evbuobanosa ne a jihar Edo, tafiyar yini guda daga Zariya. Saboda haka a biranen arewa wasan yakan koma filayen Allah da manyan tituna, musamman lokacin kai amarya da bukukuwan sallah, inda 'yan kallo ke tsayawa taku kaɗan daga motar ba tare da shinge ba. Kejin ƙarfe da hular kwano direba kaɗai suke karewa. Tsere a kan titin jama'a tuƙin ganganci ne a dokar hanya ta Najeriya, kuma 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra suna da ikon kama direba da motar. A gasar da aka tsara bisa ƙa'ida ana duba kowace mota kafin ta shiga, a ajiye 'yan kallo a bayan shinge, a tanadi motar asibiti da masu kashe gobara. Ƙungiyar da ke wakiltar Najeriya a FIA ita ce Automobile and Touring Club of Nigeria.