Karanta Tarihin Girgizar Ƙasa a Jikin Ƙasa: Misalin Birnin Accra

1.0 Gabatarwa

Mutane da yawa na ɗauka cewa girgizar ƙasa masifa ce ta nesa, irin ta Japan ko Turkiyya. Amma mazauna Nima da Maamobi da sauran zango-zangon Accra sun san ba haka ba ne, domin ko a 2018 da 2020 da 2022 ƙasa ta motsa da su. Wannan takarda za ta bayyana yadda masana ke gano girgizar da ta auku tun kafin a fara rubuta tarihi. A nan za mu yi amfani da kalmar "tsaga" da ma'anar doguwar karaya a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, inda ɓangare ɗaya kan zame wa ɗaya. Tsaga mai rai ita ce wadda har yanzu take motsi.

2.0 Abin da Aka Rubuta

Accra na kusa da mahaɗar manyan tsagogi biyu. Ta farko ita ce ta Akwapim, wadda ta biyo gindin tsaunukan Akwapim ta gangaro ta wajen Weija. Ta biyu kuwa tana cikin teku, ta bi gefen gaɓa. A 1862 wata girgiza ta lalata ganuwoyin Turawa na bakin teku, ciki har da fadar Christiansborg da ke Osu. Ranar 22 ga Yuni, 1939, wata mai ƙarfin kusan 6.5 ta kashe mutum 17, ta raunata fiye da 130. Masanin duwatsu N. R. Junner ya buga rahoto a kanta a 1941.

Sai dai rubutaccen tarihin yankin bai wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba, alhali tsagar da ke nesa da bakin farantan ƙasa tana iya yin shiru na dubban shekaru kafin ta farka. Ke nan rubutu kaɗai ba zai isa ba, dole a tambayi ƙasar da kanta.

3.0 Yadda Ake Binciken

Ruwa da iska sukan shimfiɗa laka da yashi hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, kamar tabarmin da aka jibge. Idan girgiza ta tsaga fuskar ƙasa, sai ta yanke duk hawan da ke nan a ranar, ɓangare ɗaya ya ɗaga ko ya goce. Bayan haka sabon hawa yakan sauka ya rufe tabon, shi kuma ba ya da yanka.

Don haka masana sukan haƙa dogon rami da ya gitta tsagar, su share bangonsa, su zana kowane hawa. Inda yanka ya tsaya, nan ne fuskar ƙasa take a lokacin girgizar. Daga nan sai su nemi gawayi ko guntun itace ko bawon katantanwa a hawan da aka yanke da kuma wanda ya rufe shi. Sinadarin kabon-14 da ke cikinsu yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5,730, saboda haka ana iya ƙiyasta shekarunsu. Alal misali, in na ƙasa ya ba da shekara 900, na sama ya ba da 700, to girgizar ta auku tsakanin lokutan biyu. Kerry Sieh ya shahara da wannan dabara a Pallett Creek, kan tsagar San Andreas ta Amurka, a shekarun 1970.

Akwai wata shaida kuma. Girgiza mai ƙarfi kan sa jiƙaƙƙen yashi ya koma kamar kunu, ya ɓullo sama ta kafofi. Irin wannan tabo yakan daɗe a binne, ko da tsagar ba ta fito fili ba. Shi ya sa bakin kogi da fadama, irin na kogin Densu, suke da muhimmanci ga mai bincike.

4.0 Amfaninsa ga Mazauna Zango

Idan aka jera girgizar da aka gano, za a san tazarar da ke tsakaninsu da girman kowace. Wannan ba duba ba ne, ba ya faɗin rana ko shekara. Abin da yake bayarwa shi ne awon haɗari, wanda injiniyoyi ke dogara da shi wajen tsara ƙa'idar gini. A Nima da Maamobi gidaje na manne da juna, lunguna matsattsu ne, ga benaye na ta tashi. Galibi rushewar gini ce ke kisa, kuma motar agaji ba ta shiga lungu.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa hawan laka da gawayi da yashi suna adana labarin da takarda ba ta riska ba. Shirun da Accra ta samu daga babbar girgiza tun 1939 ɗan lokaci ne a lissafin duwatsu, don haka mai aza tubali a zango ya kamata ya san irin ƙasar da yake gini a kanta.